KAFIN BAƘON TSUNTSU YA SHIGA KUNDI

Daga Wakilinmu

A cikin watan Oktoba na shekarar 2025 ne Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, wadda aka fi sani da IUCN, ta ba da sanarwar cewa wani tsuntsun fadama da masana ke kira Numenius tenuirostris ya ƙare ƙaf daga doron ƙasa. Da yake ba tsuntsun ƙasarmu ba ne, bari mu kira shi mai-siririn-baki, domin ma'anar rabin sunan nasa na Latin ke nan. Jikinsa bai fi na tattabara da yawa ba, amma yana da dogayen ƙafafu da dogon baki siriri wanda ya lanƙwasa ƙasa kamar lauje. A dausayin Saibiriya ta ƙasar Rasha yake yin ƙwai, in sanyi ya shigo kuma ya yi ƙaura zuwa gaɓar Bahar Rum da Arewacin Afirka.

Ganin ƙarshe da masana suka amince da shi ba tare da tababa ba, an yi shi ne a watan Fabrairu na 1995, a wani tafki na bakin teku mai suna Merja Zerga a ƙasar Maroko, kuma akwai hoto. Sheƙarsa kuwa, tun cikin shekarun 1920 da aka gan ta a arewa da birnin Omsk, ba a sake samun wanda ya gan ta ba. Ana ɗora alhakin ƙarewarsa a kan harbi, da busar da dausayi domin noma, da kuma lalacewar fadamun da yake yada zango a cikinsu.

To, mai karatu yana iya tambaya, wa ya bi duniya lungu-lungu har ya tabbatar babu sauran ko guda? Babu wanda ya bi. Abin da aka yi shi ne, masana daga ƙungiyoyin tsuntsaye da gidajen adana kayan tarihi na Ingila da Holan suka tattara rahotannin ganin wannan tsuntsu, suka auna ƙarfin kowane, suka kuma auna yawan neman da aka yi ba a dace ba. A watan Nuwamba na 2024 suka buga sakamakon a mujallar Ibis, inda suka ce kashi 96 cikin 100 tsuntsun ya ƙare. Watau dai hukuncin ya dogara ne a kan takardu: wa ya ce ya gani, yaushe, a ina, kuma mece ce shaidarsa. Saboda haka ne masu wannan ilmi ba sa wasa da abin da ake shigarwa cikin kundi.

TSUNTSUN DA YA SHIGA, YA KUMA FITA

Bayan 1995 an yi ta samun rahotanni daga ƙasashe dabam-dabam. Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne na wani wuri da ake kira Druridge Bay, a arewa maso gabashin Ingila. Ran 4 ga watan Mayu na 1998 aka ga wani tsuntsu a can, ya kuma zauna har ran 7 ga wata. Masu sha'awar kallon tsuntsaye suka yi ta tururuwa, aka ɗauki hotuna, aka ɗauki bidiyo. Waɗansu suka rantse mai-siririn-baki ne, waɗansu suka ce a'a, babban ɗan'uwansa ne wanda ya cika gaɓar Ingila, sai dai wannan ya zo da ƙaramin jiki.

A Birtaniya irin wannan gardama tana da inda ake kai ta. Tun 1959 aka kafa kwamitin tantance baƙin tsuntsaye a ƙarƙashin mujallar British Birds. Mutum goma ne ke jefa ƙuri'a a cikinsa, dukansu gwanayen gane tsuntsu, kuma aikin sa-kai suke yi. Wanda ya ga baƙon tsuntsu sai ya cika fom, ya haɗa da zane ko hoto, ya aika wa sakatare. A dā fayil ɗin yakan zaga 'yan kwamitin ɗaya bayan ɗaya ta gidan waya, kowa ya rubuta ra'ayinsa ya tura gaba, kamar yadda fayil ke zaga tebur-tebur a sakatariya. Yanzu ta intanet ake yi. Ba a karɓar rahoto sai kusan dukansu sun amince. Waɗanda aka karɓa ana buga su a rahoton shekara-shekara tare da sunayen waɗanda suka gani.

Idan kuwa tsuntsun irin wanda ba a taɓa gani a ƙasar ba ne, sai fayil ya wuce zuwa kwamiti na biyu, na Ƙungiyar Masanan Tsuntsaye ta Birtaniya, wanda shi ke riƙe da babban kundin ƙasa. Aikin wannan kwamiti ya wuce gane tsuntsu. Sai ya bincika ko da fikafikansa ya zo, ko kuwa daga kejin wani attajiri ya kuɓuce. Don haka aka raba kundin aji-aji: akwai ajin waɗanda aka gani sun zo da kansu daga 1 ga Janairu na 1950 zuwa yau, akwai na waɗanda ba a sake gani ba tun kafin wannan rana, akwai na waɗanda mutane suka kawo suka yaɗu, sa'an nan akwai inda ake ajiye waɗanda ake shakkar asalinsu.

Kwamitocin biyu suka shekara huɗu a kan tsuntsun Druridge, a 2002 suka amince da shi, mai-siririn-baki ya shiga kundin Birtaniya. Amma maganar ba ta kwanta ba. Waɗansu masana suka koma gidajen adana kayan tarihi suka sake duba fatun wannan tsuntsu da aka tara tun ƙarni na 19, suka lura da alamun da ba a kula da su sosai a dā ba, kamar launin ƙarƙashin fiffike da na ƙafa. Aka kuma ƙara fahimtar cewa a cikin 'yan'uwansa na gabas akwai masu ƙaramin jiki da gajeren baki waɗanda ke iya ruɗin ko da gwani. Da aka sake buɗe fayil ɗin, sai aka ga shaidar ba ta kai ba, a 2013 aka cire shi.

Babu wanda ya ce waɗanda suka gan shi ƙarya suka yi. Hukuncin da irin waɗannan kwamitoci ke yankewa a kan rahoton da bai gamsar ba shi ne “ba a tabbatar ba”, kuma ma'anarsa ke nan, babu ƙari. Mai yiwuwa mutum ya ga abin da ya ce ya gani, amma abin da ya kawo bai isa a rubuta shi a matsayin tabbas ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji. A wannan fage, ganin wani ji ne a wurin wanda bai je ba, sai fa in an ba shi abin da zai duba da idonsa. Bambancin shekara uku tsakanin 1995 da 1998 kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai lissafin ko wani jinsi yana nan ko ya ƙare, da kuma ga hukumar da za ta ware kuɗin nemansa.

ABIN DA YA SA AKE TSANANTAWA

Wanda ya sha wahalar tafiya ya ga tsuntsu da idonsa, sa'an nan waɗansu da ke zaune a ɗaki suka ce ba su gamsu ba, dole ya ji haushi, kuma ana yawan jin wannan ƙorafi. Sai dai Turawan Ingila ba da banza suka koyi wannan tsanani ba.

Tsakanin 1892 da 1930, kewayen garin Hastings a kudancin Ingila ya yi suna wajen baƙin tsuntsaye. A wancan zamani bindiga ce shaida: sai an harbo tsuntsu an kawo gawarsa ake yarda. Yawancin gawarwakin kuwa ta hannun mutum ɗaya suke fitowa, George Bristow, mai gyaran bindigogi wanda kuma yake da sana'ar feɗe tsuntsu ya cusa wa fatar kaya ya tsayar da ita kamar mai rai. Masu tara irin waɗannan kayan ado suna biyan kuɗi mai tsoka a kan tsuntsun da aka ce a Ingila aka harbe shi alhali ba a saba ganinsa a can ba. An yi ta gunaguni tun yana raye, shi kuma yana kare kansa, har ya rasu a 1947.

Sai a watan Agusta na 1962 aka fasa ƙwai. Max Nicholson da James Ferguson-Lees, editocin British Birds, suka buga bincikensu, tare da na wani masanin ƙididdiga mai suna John Nelder. Shi Nelder bai duba ko gashin tsuntsu ɗaya ba. Alƙaluma ya ɗauka, ya gwada abin da aka ce an samu cikin mil 20 daga Hastings da abin da aka samu a yankunan da ke maƙwabtaka da shi, da kuma abin da aka samu a Hastings ɗin kanta a shekarun baya-bayan. Lissafi ya nuna cewa irin wannan sa'a ba ta yiwuwa. Aka soke rahotanni fiye da 500, aka cire iri 29 daga kundin ƙasa. Zargin da ya fi ƙarfi shi ne ana shigo da gawarwakin ne daga ƙasashen waje cikin ɗakin sanyi na jiragen ruwa. Bristow ya samu masu kare shi har a rubuce, kuma daga baya yawancin tsuntsayen da aka cire sun koma kundi bayan an gan su da gaske a waɗansu wurare. Amma shekara da shekaru littattafai suna ɗauke da bayanin da ba shi da tushe.

Wanda ya fi wannan muni shi ne na Kanar Richard Meinertzhagen, sojan Birtaniya wanda ya tara fatun tsuntsaye kimanin 20,000 ya bar wa babban gidan adana kayan halitta na London. Ya rasu a 1967 da girmansa. A 1993 wani masani, Alan Knox, ya nuna cewa waɗansu fatun sato su aka yi daga gidajen tarihi aka sauya musu takardar shaida. A cikin abin da aka bankaɗo daga baya har da wata ƙaramar mujiya ta dazuzzukan Indiya, wadda rabon da a same ta tun 1884. Takardar da Kanar ya ɗaura wa tasa ta ce a jihar Gujarat ya harbe ta a 1914, masu nema kuwa suka je can ba su ga kome ba. Da Pamela Rasmussen da abokan aikinta suka ɗauki hoton ƙashin fatar irin na asibiti, sai suka gane ɗinkin wani Bature ne, James Davidson, wanda ya samo tasa a wani yanki dabam shekara 30 kafin nan. Suka bar takardar Kanar suka bi ta Davidson, a watan Nuwamba na 1997 suka iske mujiyar da ranta a jihar Maharashtra, bayan shekara 113. Da an ci gaba da bin takardar ƙarya, da wataƙila an sare dajin kafin a san tana ciki.

A NAN GIDA

Wannan aiki yana da tarihi a ƙasarmu, har ma akwai zaren da ya haɗa mu da maganar Hastings. Shi Ferguson-Lees ɗin nan, shekara biyar bayan wancan bincike, yana cikin masanan da suka zo Malamfatori a bakin Tafkin Chadi a watannin Maris da Afrilu na 1967, suna kama tsuntsayen da ke shirin tsallaka Sahara zuwa Turai, suna auna nauyinsu. Tare da shi akwai Hilary Fry, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A 1964 aka kafa ƙungiyar masanan tsuntsaye ta Nijeriya da 'yar mujallarta, wadda a 1979 ta zama Malimbus, mujallar Afirka ta Yamma baki ɗaya. A irin waɗannan shafuka ne ake buga labarin tsuntsun da aka fara gani a wata ƙasa, bayan edita ya ba masana sun tace shi. John Elgood, wanda ya yi farfesa a Ibadan, shi ya tattara jerin tsuntsayen Nijeriya aka buga a 1982, aka sake bugawa da gyara a 1994. A yau an san iri fiye da 900 a ƙasar nan.

Kada a ɗauka an gama. A 1998, shekarar da ake ta cacar baki a kan tsuntsun Druridge, wani masani Ba'amurke, Robert Payne, ya bayyana wa duniya sabon tsuntsu daga duwatsun Jos, ɗan ƙarami mai jan baya, aka sa masa suna Lagonosticta sanguinodorsalis. Kunne ne ya taimaka wa ido a nan. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu a wannan yanki da ba ya yin sheƙa, sai ya saka ƙwansa a sheƙar wani, ɗansa kuma in ya girma ya riƙa kwaikwayon kukan wanda ya rene shi. Kowane irin waɗannan baƙaƙe yana da irin da yake yi wa haka, don haka kukan da ake kwaikwayo shaida ne a kan mai renon. Sautin da aka naɗa, tare da siffar tsuntsun, suka nuna cewa mai jan bayan nan jinsi ne mai zaman kansa, ko da yake yana kama da 'yan'uwansa ƙwarai. A gefen Jos ɗin ne, a dajin Amurum na Laminga, aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a 2001, ƙarƙashin Jami'ar Jos. Daga can aka fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, inda aka yanka ƙasar murabba'i-murabba'i, kowane kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, masu sa-kai suna shiga suna rubuta duk abin da suka gani.

Ga ɗalibi, ko malamin gandun daji, ko ma'aikacin gona da aiki ya kai shi fadamun Haɗeja da Nguru ya ci karo da tsuntsun da bai sani ba, abin da masana ke so a wurinsa ba ya bukatar digiri. Ya fara rubutu nan take, tsuntsun yana gabansa, kafin ya buɗe littafin hotuna. Wannan shi ne sharaɗin da ya fi kowane, kuma shi aka fi karyawa. Da zarar mutum ya kalli hoton littafi, zuciyarsa takan ara daga hoton ta cike abin da idonsa bai gani ba, ya kuma rantse ya gani. Ya rubuta rana da lokaci da sunan wuri daidai, da nisan da ke tsakaninsu, da inda rana take, domin farin tsuntsu a hasken la'asar yakan koma ja. Girma kuwa, kada ya ce “babba” ko “ƙarami” kurum. Ya gwada shi da na kusa da shi, ya ce ya fi balbela ko bai kai kurciya ba. Sa'an nan ya bi shi gaɓa-gaɓa, baki da ido da wuya da ƙirji da fiffike da wutsiya da ƙafa, ya faɗi yadda yake tafiya da yadda yake tashi da irin kukansa. Zane, ko da irin na ɗan firamare ne, yana da daraja in an yi shi a wurin.

Wayar hannu ta sauƙaƙa abubuwa da yawa. Hoto ko da dishi-dishi ne ya fi babu, kuma a ajiye shi yadda aka ɗauka, kada a gyara launi. Naɗar kuka na rabin minti takan raba gardamar da hoto goma ba su raba ba. Amma hoto bai ɗauke wa mutum rubutu ba, ga shi tsuntsun Druridge har bidiyo an yi masa. Abin da masu tantancewa suka fi nema a rahoto shi ne bayanin yadda mai gani ya kore sauran tsuntsayen da ke kama da wannan. Kuma in akwai abin da bai gani ba, ya ce bai gani ba. Rahoton da ya ce “ƙafafunsa suna cikin ruwa, ban ga launinsu ba” ya fi samun shiga a kan wanda ya zo cif-cif kamar an kwafo shi daga littafi. Rumbun eBird na intanet, wanda Jami'ar Cornell ta Amurka ta buɗe a 2002, shi ma haka yake aiki: in ka shigar da tsuntsu a inda ba a san shi ba, sai ya nemi ƙarin bayani, wani mai dubawa kuma ya bi sawu.

Maharba da masunta su ma suna da abin bayarwa. Tun 1899, lokacin da wani malamin makaranta ɗan ƙasar Denmak, Hans Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, wannan zobe ya zama shaidar da ba ta da gardama. Duk wanda ya tsinci tsuntsu da zobe, lambar da adireshin da ke jikinsa, tare da rana da wuri, sun isa a san ƙasar da ya fito da shekarunsa. Abin takaici ne a ce irin wannan zobe ya ƙare a aljihun yaro ko a jikin laya.

A ganina, babban giɓin da ke kundinmu ba na baƙin tsuntsaye ba ne kaɗai. Mai-siririn-baki ma a ƙarni na 19 ba abin mamaki ba ne a gaɓar Bahar Rum, har a kasuwa ana sayar da shi, shi ya sa ba a damu da ƙirga shi ba sai da ya kusa ƙarewa. Duk wanda ya girma a garuruwan Arewa ya san lokacin da ungulu ke cika mahauta da kan rumfunan kasuwa. A 2015 IUCN ta sa wannan ungulu ta gari cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa. Gauraka ita ma ta yi wuyar gani a Nijeriya. Ganin ɗayansu a yau abin rubutawa ne da rana da wuri da adadi, kamar yadda za a rubuta baƙo daga Saibiriya.

Sai dai a nan akwai hattara. Masu neman sassan ungulu domin sayarwa a kasuwar magani su ma suna karanta Facebook da WhatsApp. Kwamitocin Turai sukan ɓoye ainihin wurin da tsuntsu mai wuyar samu ya yi sheƙa, su buga sunan lardi kawai, eBird ma yana ɓoye wuraren waɗansu jinsuna daga idon jama'a. Wanda ya ga sheƙar ungulu a kan wata kuka ko giginya, ya kai cikakken bayanin ga masu riƙe da kundi, a fili kuwa sunan ƙaramar hukuma ya isa.